Ranar da Kala-Biyu Ya Wanke Fuska da Kananzir

Ƙanena direban bas ne, kuma duk tashar da ya taɓa yin lodi ba a san shi da wani suna ba sai Kala-Biyu. Kada ku ɗauka rini yake yi. Fuskarsa ce. Sama da shekara talatin yana zaune a kujera ɗaya, taga a hagunsa, rana tana gasa masa kunci ɗaya tana ƙyale ɗayan. Kuncin dama yana nan yadda uwarmu ta haife shi, wankan tarwaɗa. Na hagu kuwa ya koma kamar gindin tukunya, har da tsage-tsage a gefen ido. In ya juya nan ka ga magidanci da sauransa, in ya juya can ka ga kakansa. Ni da na goya shi nakan ce ya riƙa gaishe ni sau biyu, tunda su biyu ne.

Shi bai damu ba, ko kuwa haka yake nunawa. Madubi ɗaya ya sani a duniya, na gefen mota, shi ma abin da ke bayansa yake dubawa a ciki. Amma a kan mota ba shi da wasa. Duk ranar da za a kai bas wurin masu duba lafiyar motoci, tun da safe zai tuɓe riga ya shige ƙarƙashinta da kananzir da garin sabulu da soso, ya dirje inji har sai ya yi ƙyalli. Yakan ce kai wa mai dubawa abu da datti raini ne gare shi, tozarci ne ga mai abin. Ku riƙe wannan magana tasa, don ita ce ta ja mana.

Matarsa ta rasu 'yarsa Auta tana firamare, nawa mijin kuma ya riga ta tafiya, sai na kwaso komatsaina na dawo gidansa, ina dafa masa abinci ina haɗa masa da baƙar magana kyauta. 'Ya'yansa maza duk sun watse neman na kansu a garuruwa masu nisa. Auta ce kaɗai ta rage mana, yarinya mai sanyin hannu, wadda in ta dafa maka goshi kana ciwon kai sai barci ya ɗauke ka ba ka shirya ba. Da ta gama sakandare uban ya so ta karanci aikin jinya. Maki bai kai ba. Ita ma dama ba can zuciyarta take ba. Ta samu gurbi a wani salun da ke bayan kasuwa, inda ake gyaran gashi a gaba, ake gyaran fuska a ɗakin ciki, ta fara koyo.

Uban bai hana ba, bai kuma taɓa tambayarta yaya aiki ba. A wurinsa shafa wa matan mutane laka a fuska ba sana'a ba ce, wasan yara ne da aka yi wa rufin kwano.

Matsalar ita ce farar riga. A salun ɗin masu gyaran fuska farar riga suke sawa mai aljihu biyu, kuma hanyar Auta ta gaban tasha take. Wata safiya ta wuce, direbobi suna zaune a benci suna jiran layi, sai amininsa Dogo ya dafa shi.

“Kala-Biyu, wannan ba 'yarmu ba ce? Ashe nas ta zama ba ka faɗa mana ba?”

Ƙanena ya ce, “Uhm.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma wannan uhm ɗin ya yi ƙafa ya yi hannu. Kafin wata ya zagayo, duk tasha ta san Kala-Biyu yana da nas, ana ba shi wuri a benci, ana tambayarsa maganin ciwon baya. Shi kuwa maimakon ya gyara, sai ya riƙa gyara zama. Ranar da wani kwandasta ya ɗaga murya ya ce da Auta, “Sannu da aiki, nas!” ta amsa masa, ta wuce. Da ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Daga ranar ta riƙa ninke rigar a jaka, sai ta shiga shago take sawa. Ba ta ce da uban komai ba, shi ma bai ce ba. Ni ce dai nake ta faɗa, ba mai amsa mini.

Ana nan sai lokacin jarrabawarta ya zo. Akwai wata malama da ke zagaya shaguna tana duba masu koyo, wadda ta ci a ba ta takardar shaida, wadda ba ta ci ba ta ci gaba da sharar gashi da wankin tawul har wata shekarar. Sharaɗin shi ne kowace yarinya ta kawo fuska biyu, ta mace da ta namiji, ta yi musu gyara a gaban malamar. Ta mace ba wuya, ga ni nan zaune da tawa ba abin da nake yi da ita. Ta namiji ce ta gagara. Sauran 'yan matan sun samu yayye da ƙanne. Auta ta roƙi mai gadin layinmu, ta roƙi tela, har mai tura ruwa ta roƙa, kowa ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye.

Na bari sai da ƙanena ya zauna cin abinci, cokali ya kai baki.

“Kai, Kala-Biyu.”

“Na'am, Yaya.”

“'Yarka tana neman aron fuskar namiji. Ta bi gari kaf tana roƙo. Kai kaɗai ne ba ta roƙa ba, kai da kake da har guda biyu.”

Ya ajiye cokalin. “Haba Yaya! Da girmana in je in miƙe a gaban mata a shafa mini laka?”

“A'a, ci abincinka. Ai nas ba ta bukatar takardar shafa laka.”

Wannan ta shige shi. Ya daɗe yana kallon kwanon kamar yau ya fara ganinsa, can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Yaushe ne?”

Ranar jarrabawar Auta ta riga mu fita. Ina ɗaura ɗankwali na riƙa jin ana dirzar wani abu a banɗaki, ƙuuu, ƙuuu, na ce a raina yau kuma wa ya tuna da tsohuwar tukunyar nan. Na ji warin kananzir, na ɗauka risho ne. Da ya fito ya ja hula har gira, ya rufe hanci da baki da ƙyallen nan na masu mura. Na ce, “Sannu ɓarawon akuya. Wa zai gane ka yanzu?” A hanya ma bai yarda mun bi ta gaban tasha ba, sai da ya zagaya da ni ta lungun masu walda, ni da gwiwoyin nan nawa.

Ɗakin ciki na salun ɗin ba shi da girma. Gadaje biyu ne siriri masu ɗaga kai, labule a tsakani, tawul a ninke fari fat, da wata fitila mai dogon wuya da gilashi a tsakiyarta, wadda in aka jawo ta kan fuskarka sai ta tona maka asiri tun na ƙuruciya. Ga injin tururi a gefe yana huci kamar buta. Malamar tana zaune a kan kujera, gilashinta a kan hanci, irin matan nan da ba su taɓa dariya a bakin aiki ba.

Da ni aka fara. Auta ta naɗe mini kai, ta wanke mini fuska da wani abu mai kumfa, ta sa mini tururi har na ji kamar ana dafa ni, ta murza mini wani mai da tsakuwa-tsakuwa a ciki, sannan ta sa auduga a yatsu ta shiga matse mini hanci. Abin da ya fito daga hancin nan, ban san da shi nake yawo ba. Na ce, “Auta, a hankali, wasu daga cikinsu sun girme ki.” 'Yan matan suka tuntsire, malamar ko gezau. Aka shafa mini kwaɓi mai sanyi, aka wanke, na tashi fuskata tana sheƙi kamar za a sake neman aurena.

Sai aka ce Baba ya shigo.

Ya shigo yana takawa kamar mai tsoron fasa ƙasa. Ya cire takalmi, abin da ba wanda ya ce ya yi. Ya hau gadon ya miƙe sandandan, hannuwa a kan ciki. Auta ta sa safar hannu, ta ce, “Baba, hular.” Ya cire. Ta ce, “Da ƙyallen.” Ya ɗan jima, sannan ya cire. Ta jawo fitilar.

Ni da nake bakin labule sai da na dafe ƙirji. Kuncin hagu ya saluɓe, ja wur, yana tsattsafo da ruwa-ruwa. Haɓa duk yankan reza. Warin kananzir ya cika ɗakin har ya danne ƙamshin mayukansu.

Malamar ta taso ta leƙa. “Baba, me ya same ka?”

“Wankewa na yi.”

“Da me?”

Na ce, “Malama, in hancina bai yi ƙarya ba, da abin da yake wanke inji ne.”

Muryarsa da ƙyar ta fito. “Da garin sabulu. Da soson tukunya.” Ya kau da kai gefe. “Na ga dubawa za a yi. Na ce kada a ce uban yarinya ƙazami ne. Na ce ko baƙin nan zai ɗan ragu, kada ta sha wahala a kansa.”

Wata daga cikin 'yan matan ta toshe baki ta fita da gudu, muna jin dariyarta ta fashe a ɗakin gaba. Ni kaina dariyar ta zo mini har wuya, amma da na dubi Auta sai ta koma. Yarinyar nan ta tsaya, hannuwanta a sama cikin safa, tana kallon kuncin ubanta. Can ta kashe injin tururin.

“Malama, ba zan iya yi masa ba. Fatar a buɗe take. Ko tururi ko murza, ƙara masa ciwo zan yi.”

Malamar ta ce, “Gaskiyarki. Amma ni ba zan ba da maki a kan aikin da ban gani ba.” Ta ce za ta sake biyowa sau ɗaya kafin ta rufe zagayen bana. “Kuma wannan fuskar nake so in gani, ba wata ba. Ki yi jinyarta. In ta warke ki yi mata gyara a gabana. In ba ta warke ba, ko mai ita bai zo ba, sai baɗi.”

Auta ta ɗebo ruwan sanyi ta riƙa dangwala masa da auduga, a hankali. Shi kuwa ya runtse ido gam. Na tabbata da gadon nan zai buɗe ya haɗiye shi, da ya gode masa. A hanyar gida bai jera da ni ba, a baya ya riƙa bina kamar wanda aka kamo.

Daga ranar gidan ya koma hannun Auta. Ta kafa dokoki: ba aski, ba sabulu, ba sosawa. Ta ba shi wani mai a 'yar kwalba ya riƙa shafawa kafin ya fita, ta sa ya rataya ƙyalle a tagar mota ta gefensa. Mutumin da bai taɓa tambayarta yaya aiki ba, sai ga shi kullum da safe tsaye a ƙofar ɗakinta, ya miƙa kunci kamar ɗan makaranta, yana cewa, “Duba mini, ya yi?” Gemu ya fito masa fari-fari a hargitse. Na ce masa yanzu ya zama Kala-Uku.

A tasha kuwa da aka tambaye shi, sai ya ce ruwan batir ne ya fallatsar masa. Ƙarya ta samu ƙanwa. Dogo ya ce, “Allah ya so ka, kana da nas a gida.”

Fuska ta warke, ɓawon ya zube. Saƙo ya zo cewa malamar za ta biyo da hantsi. Auta ta yi gaba don ta shirya ɗaki. Mun fito ke nan ni da shi, sai ga Dogo a ƙofar gida yana ɗingishi, ƙafarsa ɗaya ta kumbura suntum, ya ɗaure silifa da tsumma.

“Yaya babba, ina kwana? Kala-Biyu, jiya ka ce yau za ka wurin aikin 'yarmu a duba maka fuska. Na ce bari in bi ka. Ƙafar nan ta hana ni taka kuloci. In da 'yar gida a asibiti ai ba ma bi layi ba.”

Ƙanena ya dube ni. Ni kuwa na ɗaga kai ina duban sama, ko za a yi ruwa. Ba ni na ce uhm ba.

Ya fara kame-kame, wai wurin cike yake, wai sai an yi alƙawari. Dogo ya ce ba komai, zai jira. Muka tari tasi. Dogo a gaba saboda ƙafa, mu a baya. Ina jin ƙanena yana numfashi kamar mai hawan tudu. Akwai wata mararraba a gabanmu: dama ta nufi babban asibiti, hagu ta nufi bayan kasuwa. In ya ce dama, zai iya sa Dogo a layi ya ce yau 'yar ba ta zo aiki ba, mutuncinsa ya tsira, amma kafin ya fito daga cunkoson can malamar ta tafi. Na san ya lissafa wannan, don ni ma na lissafa.

Mai tasi ya rage gudu. “Ina muka nufa, Baba?”

Na bayanmu suka fara hon.

“Baba?”

“Hagu,” in ji ƙanena.

Muka sauka a ƙofar salun. A saman ƙofar akwai allo da hoton wata mata kwance, fuskarta shafe da kore. Dogo ya dubi allon, ya dubi matan da ke zaune a ciki kawunansu cikin na'urar busar da gashi, ya dubi amininsa.

“Asibitin ke nan?”

Auta tana tsaye daga cikin ƙofar gilashin da farar rigarta, ta buɗe mana. Uban ya gan ta sarai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

“Dogo, ba nas ba ce. Ba ta taɓa zama nas ba. Gyaran fuska take koya, yau jarrabawarta, ni ne fuskar. Ni na bar ku a kan ƙarya. Ruwan batir ɗin ma ƙarya ne, ni na dirje kaina da kananzir.”

Dogo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sai dariya ta ƙwace masa, ya manta da ƙafa ya taka ta, ya yi ƙara, ya zube a kan dakali yana dariya yana riƙe da ita. “Kananzir! Wallahi sai tasha ta ji wannan!”

“Ta ji,” in ji ƙanena. Kunnuwansa har rawa suke. “Zauna nan wurin Yaya. In na fito in kai ka asibiti na gaske.”

Ya wuce ta gaban 'yarsa bai iya haɗa ido da ita ba. Ni kuwa ban tsaya a waje ba, na bar Dogo da ƙafarsa na bi su har bakin labule.

Malamar ta jawo fitila ta duba kuncin da kyau, ta gyaɗa kai. Auta ta naɗe wa ubanta kai da tawul. Ta wanke, ta sa tururi, ta murza a hankali tana kewaya gemun. Da ta zo matse hanci na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe, amma bai yi ko tari ba. Ta yi masa tausa daga haɓa zuwa goshi, tana yi wa malamar bayani: wannan gefen rana ta cinye shi, mai kaza yake so, wancan gefen kuma kaza. Ban taɓa jin yarinyar nan ta yi magana mai tsawo haka ba. Sannan ta ɗauko buroshi ta shafe masa fuska da koren kwaɓi, dama da hagu, har ya zama a karon farko tun yana saurayi fuskarsa kala ɗaya ce.

“Baba, kada ka yi magana sai ya bushe.”

Dama me zai ce? Yana kwance, ido a rufe. Can sai na ga wani ruwa ya gangaro daga gefen idonsa na hagu, ya yi hanya a cikin kwaɓin har kunne. Wani ya biyo shi. Malamar ta sauke gilashi ta matso.

“Man ya shiga idonsa ne?”

Auta ta ɗauki auduga ta dangwale wurin, ta sake shafa kwaɓi ta rufe hanyar. “A'a, Malama. Tururi ne. Yakan sa wasu haka.”

An daɗe da kashe injin tururin. Malamar ta dubi injin, ta dubi Auta, ta mayar da gilashinta ta koma kujera.

Auta ta ci jarrabawa. Ƙanena ya kai Dogo asibiti fuskarsa tana walƙiya yana ƙamshin furanni, kuma kafin a gama ɗaure ƙafar nan labari ya riga su isa tasha. Abin da ya sha a bencin nan, ni kaina da nake da baki na tausaya masa. Ya shigo, a tashi a kakkaɓe masa wuri, a ce a matsa wa 'yar kwalliya kada ƙura ta taɓa ta. Wani ya ajiye masa galan ɗin kananzir a kan kujerar mota da soso a kai. Makonni ya yi yana cin abinci shi kaɗai a cikin bas. Har yau in aka ce kananzir a gabansa sai ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ni kuwa nakan nemi dalilin ambatonsa ko ba na bukatarsa.

Baƙin kuncin bai tafi ba. Auta ta gaya masa tun farko ba zai tafi ba, abin da rana ta shekara talatin tana yi ba a kankare shi. Kala-Biyu yake har gobe. Kwalbar man dai tana cikin aljihun mota, kusa da sufana.

Ita kuwa ta daina ninke rigar a jaka. Da safe takan sa abarta tun daga gida ta bi ta gaban tasha. Kwanaki wani sabon kwandasta da bai san zance ba ya gan ta ya ce, “Sannu nas!” Ƙanena yana kan benci, kofin shayi a hannu. Bai ɗago kai ba, kunnuwan nan suka sake yin rawa, amma ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ba nas ba ce. Gyaran fuska take yi. 'Yata ce.”